Yadda Ake Haɗa Garin Shayin Cakulan a Gida

Gidan da ke da yara ya san yadda gwangwanin Milo ko Bournvita ke ƙarewa tun wata bai raba ba, balle idan hunturu ya kankama kowa na neman abu mai zafi da safe. Tsadarsu ma ba daga masu shago kaɗai take ba. A 2024 farashin ɗanyen koko, wanda ake yin cakulan da shi, ya haura dala 10,000 kan tan ɗaya a kasuwar duniya, bayan noman ya yi rauni a Kodebuwa da Ghana, ƙasashe biyun da ke samar da fiye da rabin kokon duniya. Haɗa naki a gida zai rage miki wani abu a aljihu, amma babbar ribarsa ita ce ke za ki yanke yawan sukarin da 'ya'yanki ke sha, kuma madarar tana ciki tun farko, ruwan zafi kawai za a zuba.

Ki sani tun yanzu cewa ɗanɗanonsa ba zai zama na Milo sak ba. Milo da Bournvita suna da malt, wato ruwan tsiron hatsi da aka dafe aka busar, shi ke ba su wannan garɗin. Abin da za mu haɗa ya fi su ƙarfin cakulan, ya fi su kauri a baki. A ganina ya fi su daɗi, amma yaron da ya saba da na gwangwani zai iya ɗaukar 'yan kwanaki kafin ya saba.

Kayan aiki

Babbar roba ko kwanon silba mai faɗi, rariya mai laushi irin ta tankaɗen fulawa, kofin awo, cokalin cin abinci da ƙaramin cokalin shayi, maburgi ko cokali mai yatsu, bilenda mai ƙaramin kofin niƙan busassun kaya, sai kwalba ko roba mai murfin da ke rufuwa gam. Idan babu bilenda, turmi da taɓarya sun isa, da sharaɗin da zan faɗa a gaba. Idan babu kofin awo, wankakken gwangwanin madarar ruwa ya wadatar, muddin da shi ɗin za ki auna komai.

Kayan haɗi

- Madarar gari, kofi 3 (kusan giram 360)
- Garin koko zalla, kofi 1 (kusan giram 90)
- Niƙaƙƙen sukari, kofi 1 da rabi (kusan giram 180)
- Gishiri mai laushi, rabin ƙaramin cokali
- Konfulawa (garin sitacin masara), cokali 2, idan kina son kauri
- Garin kirfa ko na busasshiyar citta, ƙaramin cokali 1, idan kina so

Wannan awon zai ba ki kofin shayi 16 zuwa 20, gwargwadon nauyin hannun mai ɗiba.

Mataki na 1: Zaɓen koko

Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace, don haka zan daɗe a kansa. Garin kokon da ake nufi shi ne wanda ake yin cakulan da kek da shi, ba na kokon gero ba, kuma wurin masu sayar da kayan kek ake samunsa, ko a manyan kantuna. A Kano akwai shi a Sabon Gari. Ana noman kokon a ƙasar nan, a jihohin Ondo da Osun da Kuros Riba da maƙwabtansu, saboda haka akwai na gida mai kyau, ba dole sai na waje ba.

Juya ledar ki karanta jerin abin da ke ciki. Koko kaɗai ya kamata ki gani. Idan kika ga sukari ko madara a jerin, wannan haɗaɗɗe ne da ma, in kika ƙara masa sukarinki zaƙi zai yi yawa, cakulan ɗin kuma ya ɓace. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adinsa.

Garin koko iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda aka bari yadda yake: launinsa ruwan ƙasa mai haske, yana da ɗan tsami da ɗaci mai kaifi. Akwai kuma wanda aka sarrafa da wani sinadari dangin kanwa don a kashe tsamin, dabarar da ta fito daga ƙasar Holan, daga gidan Van Houten da suka ƙirƙiro injin matse man koko a 1828. A jikin ledarsa za ki ga an rubuta Dutch ko alkalized. Ya fi duhu, ya fi laushi a harshe, ya fi saurin haɗuwa da ruwa. Don sha, shi na fi so. Idan na farkon kika samu babu laifi, ki ƙara sukari cokali biyu ko uku a haɗin. Kada ki ce za ki zuba masa kanwa da kanki don ya yi duhu, ɗanɗanon sabulu zai ba ki. Akwai wani baƙi ƙirin da ake sa wa biskit don launi, shi ma ki bar shi, ƙamshinsa kaɗan ne.

Idan na awo ne a buɗaɗɗen buhu, ki sa hanci da harshe kafin ki biya. Koko na gaskiya yana da ƙamshin cakulan mai ƙarfi, yana da ɗaci, kuma in kika murza shi tsakanin yatsu sulɓi za ki ji, babu tsakuwa-tsakuwa. Wanda ba shi da ɗaci ko yake warin rima, ki ajiye musu abinsu.

Mataki na 2: Zaɓen madara

Madarar gari ma iri-iri ce. Akwai mai cikakken man shanu, ita ce ta fi ba da garɗi. Akwai wadda aka cire man shanunta aka maye gurbinsa da man itatuwa, ita ce yawancin abin da ake aunawa a mudu a kasuwanni irin su Singa, ta fi araha kuma tana aiki. Idan kuɗi bai kai ba, ki haɗa rabi da rabi. Akwai kuma farin garin da ake sa wa kofi don ya yi fari, wannan ba madara ba ne, mai ne da sukarin sitaci. Wasu na ƙara rabin kofi don santsi, amma kada ya zama shi ne madarar yara.

Ki ɗanɗana madarar awo kafin ki saya. Idan ta dunƙule, ko launinta ya koma rawaya sosai, ko tana warin tsohon mai, ta daɗe a buɗe.

Mataki na 3: Busar da komai

Ki wanke roba da rariya da kofin bilenda da kwalbar ajiya, ki kife su a rana ko wuri mai iska har su bushe ƙayau. Gogewa da tsumma kaɗai ba ta isa ba, ruwa na maƙalewa a bakin murfi da ƙasan wuƙar bilenda. Ɗigo ɗaya ya isa ya dunƙule madara, kuma inda ta dunƙule nan take fara lalacewa. Gara ki wanke kayan da daddare ki yi aikin washegari. Kada ki yi haɗin kusa da tukunyar da ke tururi, ki kuma kashe fanka, don koko gari ne marar nauyi, iska kaɗan za ta watsa miki shi a ɗaki.

Ki shinshina kofin bilenda da turmin. Koko da madara suna jan wari, idan an taɓa daka yaji ko tafarnuwa ko daddawa a ciki, za ki ji shi a kofin shayi. Saboda wannan dalili ne ba na ba da shawarar kai sukari injin niƙa na unguwa. Idan kofin bilendan na da ɗan wari, ki niƙa ɗanyar shinkafa hannu ɗaya a ciki ki zubar, sannan ki goge da busasshen tsumma.

Mataki na 4: Niƙa sukari

Me ya sa ba za a zuba sukari yadda yake ba? Ƙwayarsa ta fi ta madara da koko nauyi, kullum aka motsa kwalbar sai ya gangara ƙasa. Kofunan farko su zo da ɗaci, na ƙarshe su zo da zaƙi kamar alewa. Idan aka niƙa shi ya zama gari, sai ya zauna daidai da sauran.

Idan kin sayi sukarin aisin na masu kek, kin huta da wannan matakin. Idan ba haka ba, ki auna sukari na yau da kullum kofi 1 ba a cika ba, shi ne zai kumbura ya ba ki kusan kofi 1 da rabi bayan niƙa. Ki zuba rabi-rabi a bilenda tare da gishirin, ki kunna na daƙiƙa 15 ki kashe, ki girgiza, ki sake. Kada ki bar shi yana ta gudu, zafin injin zai sa sukarin ya manne a bango. Ki jira minti ɗaya ƙurar ta kwanta kafin ki buɗe murfi. A turmi kuwa, kaɗan-kaɗan za ki daka kina tankaɗewa, ki mayar da tsakin ki sake dakawa.

Mazarƙwaila da sukari mai ruwan ƙasa suna da danshi, kada su shiga kwalba. Zuma ma haka. Mai son su ya zuba a kofinsa lokacin sha.

Mataki na 5: Tankaɗe koko da sukari tare

Ki ɗora rariya a kan robar, ki zuba koko da niƙaƙƙen sukari da konfulawa da kirfa ko citta, da gishirin idan ba ki niƙa shi da sukari ba, ki tankaɗe. Koko yakan zo da 'yan ƙananan gudaji, ki murje su da bayan cokali har su wuce. Ki juya da maburgi, sannan ki sake tankaɗewa karo na biyu.

Dalilin fara haɗa koko da sukari kafin madara shi ne, garin koko na ɗauke da mai a jikinsa, kuma mai ba ya shiri da ruwa. In ya samu dama sai ya manne da ɗan'uwansa ya yi gudaji, waje ya jiƙe ciki a bushe. Idan garin sukari ya shiga tsakaninsa ya rarraba shi, da zarar ruwa ya taɓa, sukarin ya narke ya buɗe wa ruwan hanya. Kamfanoni suna ƙara wani sinadari mai suna lesitin don garinsu ya narke nan take. Mu ba mu da shi, tankaɗe da damu mai kyau su ne madadinsa.

Mataki na 6: Shigar da madara

Ki zuba madarar kofi ɗaya-ɗaya, kina juyawa daga ƙasa zuwa sama bayan kowane kofi. Ki kula da gefen roba da ƙasanta, nan farin gari ke ɓoyewa. Idan launin ya zama ɗaya babu zane-zanen fari, ki tankaɗe duka sau ɗaya na ƙarshe.

Wasu madarar ƙwayarsu ta fi ƙarfin rariya mai laushi. Idan taki ta ƙi wucewa, ki sa haɗin a bilenda kaɗan-kaɗan, ki danna sau uku ko huɗu na daƙiƙa biyu-biyu. Iyakarsa ke nan. Madara mai mai in ta ji zafin inji sai man ya narke ta cure, kuma ba ta komawa gari yadda take. Idan babu bilenda, ki zuba komai a babbar roba mai murfi, kada ta wuce rabi, ki rufe ki girgiza sosai na minti biyu.

Mataki na 7: Gwaji kafin a rufe

Kada ki ɗura a kwalba sai kin haɗa kofi ɗaya kin sha. Yanzu ne gyara yake da sauƙi. Idan ɗaci ya yi yawa, ki ƙara sukari cokali biyu-biyu kina gwadawa. Idan zaƙi ya yi yawa, ki ƙara madara da ɗan koko. Idan kin ji shi salam duk da akwai zaƙi, gishiri ne bai isa ba, ki ƙara ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Mutane da yawa suna tsallake gishiri don suna ganin ba wurinsa ba ne, alhali shi ke danne ɗaci ya fito da ƙamshin cakulan. Ba a so a ji shi a baki, aikinsa a ɓoye yake.

Ina roƙonki ki bar zaƙin ya ɗan gaza yadda kika saba. Wanda bai ishe shi ba zai ƙara a kofinsa, amma wanda ya yi wa yawa ba shi da yadda zai cire. Harshen yara kuma yana sabawa da abin da aka saba ba su. Ki rubuta awon da ya yi miki daidai a takarda ki manna a jikin kwalbar tare da ranar da kika haɗa.

Mataki na 8: Ajiya

Ki ɗura a busasshiyar kwalba ki rufe gam, ki ajiye a wuri mai sanyi da duhu, nesa da murhu da taga, nesa da sabulu da kananzir da turaren wuta. Ya fi kyau ki raba biyu, ƙaramar kwalba ta amfanin kullum, babba kuma a rufe sai ƙaramar ta ƙare. Ki bar busasshen cokali ɗaya a cikin ƙaramar don kada wani ya tsoma wanda ya juya shayi da shi.

Ki haɗa abin da za ku shanye cikin wata guda. Da rani da hunturu yana iya kaiwa wata biyu lafiya, amma da damina iska kanta jiƙaƙƙiya ce, ki rage yawan haɗin. Firiji ba dole ba ne, kuma inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa ma illa yake yi: kwalba mai sanyi in ta fito cikin zafi sai ta yi gumi, gumin ya shiga garin. Idan kika ga ya dunƙule ya yi tauri ko warinsa ya sauya, ki zubar.

Ga 'yan makarantar kwana, ki ƙulla musu a ƙananan ledoji na sha ɗaya-ɗaya, ki zuba ledojin a roba mai murfi. Ya fi tsabta, kuma yaro ya san lissafin abinsa.

Mataki na 9: Yadda ake damawa

Ki zuba cokali 3 zuwa 4 a kofi. Kada ki cika shi da ruwa kai tsaye, nan ne gudaji ke fitowa su yi ta yawo a sama. Ki fara da ruwan zafi cokali biyu, ki dama kamar yadda ake dama gasara kafin a sheƙa mata ruwa, har ya zama sumul yana sheƙi. Sannan ki tsiyaya sauran ruwan a hankali kina juyawa. Wannan damun na farko yana kuma tayar da ƙamshin kokon, za ki ji shi tun kafin ki kai baki.

Idan kin sa konfulawa, tana buƙatar ruwa mai tafasa kafin ta yi kauri, ruwan filas da ya kwana ba zai dafa ta ba, sai ki ji ɗanyen gari a harshe. Hanya mafi kyau ita ce ki dama a ƙaramar tukunya, ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan kina juyawa da maburgi na minti biyu, ki sauke da ya fara tsastsafo a gefe. Idan gidanku da filas ake shan shayi, ki cire konfulawar daga haɗin gaba ɗaya. Don mai sanyi lokacin zafi ko buɗa-baki, damun farko da ruwan zafi yana nan, sai a ƙara ruwan sanyi da ƙanƙara.

Idan wani abu ya gagara, ko kina son sauyi

Babu konfulawa? Garin kastad cokali 2 zai yi, domin shi ma sitacin masara ne, sai dai ki zaɓi mai ƙamshin banila. Idan kina son banilar kanta, ki nemi ta gari, ta ruwa ba ta shiga busasshen haɗi.

Madara ta yi tsada? Ki haɗa koko da sukari da gishiri kawai, ki ajiye. Wannan ya fi daɗewa ma. Lokacin sha sai a ɗebi cokali 1 da rabi a dama, a ƙara madarar da ke akwai, ko dafaffiyar madarar shanu, ko ta waken suya. Wasu suna maye kofi ɗaya na madarar da garin waken suya. Yana yiwuwa, amma sai an soya waken sosai an cire ɓawon an niƙa da laushi, kuma a wuta za a dafa shayin, in ba haka ba ƙarnin wake zai rufe cakulan.

Garin dabino yana iya maye gurbin rabin sukari. Sai an cire ƙwallon an busar da dabinon ƙayau kafin a daka, kuma ba ya narkewa duka, za ki ga ɗan laka a ƙasan kofi. Yana jan danshi fiye da sukari, don haka ki haɗa na mako biyu kawai.

Masu neman garɗin malt sukan gwada tsiron dawa. Ana jiƙa dawar, a shimfiɗa a rufe har ta tsiro, a shanya ta bushe, a murje saiwa da tohon a sheƙe su tas, a ɗan soya ƙwayar sama-sama, sannan a niƙa a tankaɗe. Cire saiwa da toho wajibi ne, domin tohon dawa na ɗauke da guba, irin wadda ke kashe dabbobin da suka ci ƙaramin karan dawa. Duk ƙwayar da ta yi funfuna kuma a zubar da ita. Cokali 4 sun isa wannan awon, kuma shi ma sai an dafa a wuta. Ga mai farawa, shawarata ita ce ki ƙware a haɗin farko tukuna. Idan yara sun dage sai ɗanɗanon da suka sani, ki zuba kofi ɗaya na Milo ko Bournvita a cikin haɗin ki rage sukari da rabin kofi, a zagaye na gaba ki rage Milon ko Bournvitar zuwa rabi.

Waɗanda za a kula da su

Wannan ba abincin jarirai ba ne, kada a ba yaron da bai kai shekara ɗaya ba, kuma ba ya maye gurbin nonon uwa. Koko na da ɗan sinadarin da ke hana barci, bai kai na kofi ba, amma ya isa ya sa ƙaramin yaro ya ƙi kwanciya in ya sha da daddare. Mai juna biyu da ke shan ƙwayar ƙarin jini ta bar tazarar awa biyu tsakaninta da wannan shayin, domin madara da koko suna rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke cikin maganin. Mai ciwon sukari a ware masa nasa babu sukari babu dabino babu konfulawa, ya kuma tambayi likitansa yawan madarar da ta dace da shi. Kada a ba kyanwa ko kare ragowar kofi, koko guba ne a gare su.

Idan haɗin ya karɓu har maƙwabta suka fara cewa ki sayar musu, ki koma auna komai da sikeli maimakon kofi don ɗanɗanon ya riƙa zuwa iri ɗaya, ki rubuta ranar haɗi da jerin kayan ciki a jikin kowace roba. Kafin ki kai shi shaguna da sunanki a jiki, sai kin yi rajista da NAFDAC.